Talata: farantin da ya ɗaga murfi

Ina buɗe akwatin ɗumama na ɗakin gwaje-gwajenmu da safe na tarar farantina ya cika maƙil. Ranar Asabar na shuka shi, kwana uku kacal, amma fumfunar ta tashi kamar auduga, fara da ɗigo-ɗigon baƙi a sama, har tana tura murfi. Daɗi ya kama ni, da 'yar kunya, don wannan karo na biyu ne.

Samfurin mabiyiyar wata saniya ce da ta yi ɓari, likitan dabbobi ya aiko. A karon farko niƙa naman na yi lilis kafin in shuka, aka yi mako ko ɗigo bai fito ba. Malamarmu ta tambaye ni yadda na yi, ta ce, "Ai ka kashe ta da hannunka. Yankawa ake yi ƙanana, ba a niƙawa." Dangin fumfunar da ake kira Mucorales zarensu kusan babu katanga a ciki, in ya fashe wuri ɗaya sai abin cikin ya zube. Aspergillus kuwa, wata fumfuna ta daban, nata ɗaki-ɗaki yake.

Na ɗano kaɗan da salatif, na ɗiga shuɗin rini, na saka a madubin ƙara girma. Zare mai faɗi kamar kintinkiri, ga 'yan saiwoyi a gindin kowane kara, ga ƙullin iri a kai. Rhizopus ce, 'yar dangin Mucorales. Na ruga na faɗa mata, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To, ita ta jawo ɓarin, ko daga ƙasan garke ta hau?"

Na yi shiru. Nan aikin yake. Irin waɗannan fumfuna suna cikin iska da ƙasa da ruɓaɓɓiyar ciyawa, kullum muna shaƙarsu, garkuwar jiki na sharewa. Fitowarsu a faranti ba ta isa hujja ba, sai an ga zaren ya kutsa cikin nama, musamman jijiyoyin jini. Can take toshe hanya, naman ya mutu ya yi baƙi. Daga nan aka samo sunan baƙar fumfuna a Indiya a 2021, lokacin da ta kama sama da mutum 40,000 a tsakiyar korona, galibi masu ciwon suga da aka ba sitiroyid.

Da rana na zauna karatu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan fanni shi ne yawancin rubuce-rubucen labarin majinyaci ɗaya ne, ko kare ɗaya, ko aku ɗaya. Cutar da ba ta da yawa, ina za ka tara ɗaruruwan mutane ka gwada magani? Sai in annoba ta tara su, kamar a garin Joplin na Amurka a 2011, inda guguwa ta cusa ƙasa da tarkace a raunukan mutane, 13 suka kamu da Apophysomyces, wata 'yar dangin Mucorales, 5 suka rasu. Shi ya sa na daina raina mujallun likitocin dabbobi. Aspergillus fumigatus ɗin da ke kama huhun mai sankarar jini ita ce ke cika jakunkunan iskar tsuntsu.

Kuma kuskuren suna na iya cin rai. Voriconazole yana maganin Aspergillus, amma ko gezau Rhizopus ba ta yi da shi. Babban maganinta shi ne amphotericin B, tsohon magani tun shekarun 1950 mai wahalar da ƙoda, tare da wuƙar likita. Sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na fangas 19 masu buƙatar bincike, Mucorales na ciki.

Sakamakon yankan nama sai Alhamis. Kafin in tashi na naɗe bakin farantin sau biyu, na raba shi da na abokan aiki, don in ta tsallaka cikin nasu ni za a tambaya.