Idan za ka koma kan fiyano bayan shekaru, fara da madannai

Mutumin da ya koyi fiyano yana yaro, ya ajiye shekara goma sha biyar ko ashirin, yanzu kuma yake son dawowa, ba ɗaya yake da sabon koyo ba. Kansa ya manta abubuwa da yawa, amma yatsunsa ba su manta nauyin madanni ba. Shi ya sa idan ya ɗora hannu kan na'urar da madannanta ke lotsawa kamar soso, kafin wata guda zuciyarsa ta fita daga kiɗan, ya ɗauka shi ne ya lalace, alhali kayan ne ba su dace da shi ba. Don haka idan za ka sayi fiyanon lantarki, mafi yawan kuɗinka ya tafi kan madannai. Sauran abubuwa duk suna bin baya.

Akwai ruɗanin suna da ya kamata a warware tukuna. A wajenmu duk abin da ke da farare da baƙaƙen madannai fiyano ake ce masa, har da Yamaha PSR ɗin da ake haɗa kiɗa da shi a situdiyo ko ake bugawa a coci. Wannan yawanci madanni 61 gare shi, sifirin ne ke dawo da su sama, kuma cike yake da ganguna da sautuka ɗaruruwa. Yana aikin da aka yi shi dominsa, amma ba shi kake nema ba. Kai mai madanni 88 kake so, farare 52 da baƙaƙe 36, mai 'yar guduma a ƙarƙashin kowane madanni.

Ga dalili. A fiyanon katako, idan ka danna, guduma ce mai ulu a kai take tashi ta bugi waya, kuma ana buƙatar nauyin da ya kai kusan giram 50 kafin madannin ya sauka. Gudumomin hagu, masu kaurin murya, sun fi na dama girma, don haka hagu ya fi nauyi, yana raguwa har zuwa ƙarshen dama. Na lantarki mai kyau yana kwaikwayon wannan da ƙarfe mai lilo. Sifirin kuwa akasin haka yake: yana ƙara turo yatsanka gwargwadon yadda ka ƙara dannawa, ba ya ba ka damar sarrafa taushi da ƙarfin sauti sosai. Kowane kamfani da sunan da ya ba nasa tsarin guduma: Yamaha na da GHS a samfurin P-45, da GHC a P-145 da P-225, Roland na da PHA-4 a FP-10 da FP-30X, Kawai na da RHC a ES120. Idan mai shago ya ce maka “mai rabin nauyi ne, kusan ɗaya suke”, to ba ɗaya ba ne, sifirin ne dai aka ƙara wa ɗan ƙarfe.

A shago, kada ka fara da kunna shi. Buga shi a kashe ka saurari ƙarar madannan kansu. Duk suna da ɗan dum-dum, amma wanda ke ƙwas-ƙwas idan madanni ya dawo sama zai dami mutanen gida da dare ko da ka sa abin sauraro a kunne. Sai ka kunna, ka zaɓi madanni ɗaya a tsakiya, ka danna shi a hankali ƙwarai har sautin ya fito kamar raɗa, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai ƙarshen ƙarfinka. Ya kamata ka ji hawa-hawa masu yawa, ba tsalle daga shiru zuwa ihu ba.

Gwaji na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi tona asiri. Danna farin madanni a bakinsa, sannan ka tura yatsa can ciki tsakanin baƙaƙe biyu ka sake dannawa. Madanni kamar sanda yake mai juyawa a kan ƙusa daga baya. Idan gajere ne, can cikin zai yi tauri sosai. Masu siririn jiki, irin Casio PX-S1100, an rage musu tsawon madanni don su yi sauƙin ɗauka, kuma a nan ake jin abin da aka rage. Wanda ya taɓa yin nisa a karatu, yana buga abin da ke cike da baƙaƙen madannai, zai lura nan take. Na huɗu, maimaita madanni ɗaya da sauri ba tare da ka bar shi ya dawo sama duka ba. Mai sensa uku (sensa ita ce abin da ke gane an danna madanni), kamar PHA-4, zai ci gaba da amsawa. Mai sensa biyu, kamar GHS, wani lokacin sai ya haɗiye sautin. A ganina, a matakin farashi na ƙasa Roland ya fi kusa da fiyanon katako a hannu, ko da yake wasu suna jin ya yi musu nauyi, sai su fi son sauƙin na Kawai. Hannunka ne zai raba gardama, shi ya sa saye ba tare da taɓawa ba kasada ce.

Maganar sauti ba ta buƙatar dogon bayani. Sauti ɗaya mai kyau na babban fiyano ya fi guda 500 da ba za ka taɓa ba. Lambar folifoni, wato yawan sautin da na'urar ke iya riƙewa lokaci guda, 64 ce a P-45, 96 a FP-10, 192 a P-225 da ES120, 256 a FP-30X. Idan ka taka feda, wato matakin ƙafa mai riƙe sauti, kana gudu da yatsu, mai 64 yakan yanke tsofaffin sautuka don ya ba sababbi wuri, amma sai mai kunne ne zai kama. Sifika ta fi yin tasiri: wat 6 sau biyu na P-45 da FP-10 sirara ce a hagu, wat 11 sau biyu na FP-30X ta fi cika ɗaki. P-45 da FP-10 kuma ba su da ramin fitar da sauti zuwa babbar sifika sai na abin kunne, abin lura ne ga mai niyyar bugawa a taro. Abin kunne ya zama mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, ka danna yanzu ka ji anjima. Kuma kada ka saba da rage murya can ƙasa, domin hakan ke koya wa yatsu duka da ƙarfi. Ka bar ta kusan kashi biyu cikin uku.

Fedar da ke zuwa cikin kwali yawanci 'yar roba ce mai kusurwa huɗu, tana zamewa a kan tayil, kuma kunnawa da kashewa kawai ta sani. Ka ware kuɗin ta gaske mai gane rabin taki, kamar Yamaha FC3A ko Roland DP-10, ta kamfanin da ya yi fiyanon, domin ba kowace ke aiki da na wani ba. Idan ka ga feda tana aiki a juye, sauti na riƙewa sai ka taka ya yanke, sau da yawa ƙafarka na kanta ne lokacin da ka kunna, ko ka jona ta bayan kunnawa. Kashe, ɗage ƙafa, sake kunnawa.

Mazauni mai siffar X yana rawa idan ka buga da ƙarfi, yana kuma tare gwiwa. Na katako da aka yi wa samfurin ya fi, ko tebur mai ƙarfi wanda zai sa saman madannai ya tsaya kusan santimita 72 zuwa 75 daga ƙasa. Benci ya zama mai ɗagawa da saukewa, yadda hannunka daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu zai miƙe daidai da madannai. Jikin ɗan shekara arba'in ba ya yafe zama mara kyau. Ciwon wuyan hannu da na kafaɗa daga nan suke farawa.

Sai wuta da ƙura. Duba rubutun jikin adafta: wanda aka kawo daga Amurka mai 120V kaɗai zai ƙone a wutarmu ta 230V, sai in an rubuta 100 zuwa 240V. Ka yi amfani da adaftan asali, ka zare shi kafin a sauya daga NEPA zuwa janareta. Waɗannan na'urori ba sa cin wuta sosai, ƙaramar inbata ta ishe su, Casio PX-S1100 da CDP-S110 ma suna aiki da batir AA guda shida. A rufe madannai da ƙyalle kullum, musamman da hunturu, kuma a nisanta shi da taga mai rana.

Fiyano na hannu yana iya zama riba idan ka bi madannai 88 ɗin ɗaya bayan ɗaya, a hankali sau ɗaya, da ƙarfi sau ɗaya. Madannin da ya yi shiru, ko yake ihu komai taushin dannawa, ƙura ce ta shiga ƙarƙashin robar sensa ko robar ta cinye. Mai gyara zai iya gogewa ko sauyawa idan ana samun ta samfurin. Ƙarar katako a ƙarshen dannawa na nufin ulun da ke tare guduma ya lotse. Madannin da ke saɓule gefe ko ba ya dawowa sama ya karye ne daga baya. Girgiza wayar adafta a raminta ka gani ko zai mutu, ka jona feda da abin kunne, sannan ka bar shi a kunne minti 20 kana bugawa kafin ka fara ciniki.