Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Mako Biyu a Kan Teku

Makon jiya mun tsaya a bakin tashar Apapa, ni ina riƙe da buta, Inna tana riƙe da hannun Auta, Baba kuma yana ƙirga adakokinmu karo na uku. To, ga jirgin.

Sunansa Aureol, na kamfanin Elder Dempster, fari fat, bututun hayaƙinsa ruwan ɗorawa. A lokacin, wato watan Satumba na 1961, ya kusa shekara goma yana kai-komo tsakanin Legas da Liverpool, shi da 'yan'uwansa biyu, Accra da Apapa. Ni kuwa shekarata tara, kuma babban ruwan da na taɓa gani shi ne Kwara, da muka ƙetare a gadar Jebba cikin jirgin ƙasa. Da na ɗaga kai na ga benaye a kan benaye suna tsaye bisa ruwa, sai na tambayi Inna ko ƙarƙashinsa a kafe yake a ƙasa. Ta ce in rufe mata baki. Daga baya na gane ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan.

Kafin mu taka matakala Baba ya tsayar da mu, ya sa kowa ya karanta addu'ar Annabi Nuhu, Bismillahi majreha wa mursaha. Auta ya ce "mursaha" kawai, aka karɓa masa.

Ɗakinmu yana aji na biyu. Gadaje masu hawa biyu ne, da wurin wanke hannu, da wata taga zagayayya kamar faifai, mai kaurin gilashi. A gidanmu na Kano Baba yana da turakarsa, Inna tana da ɗakinta, baƙo kuma iyakarsa zaure. Tun da aka kawo ta gidan ba ta fita sai da dare, shi ma sai biki ko gaisuwar mutuwa. Yau ga mu mu huɗu a ɗakin da bai fi rumfar ɗan tireda ba, kowa na jin numfashin kowa. Inna ta tsaya ta dubi wurin, ta kwance zane ɗaya daga ƙunshinta ta rataya a gaban gadonta. Ɗakinta ke nan har muka sauka.

Wuyar farko ba ruwa ba ne, teburin cin abinci ne. Ban taɓa ganin iyayena sun ci abinci tare ba. Baba a zaure yake ci da abokansa, Inna da matan gida, mu yara da akushinmu. A jirgi kuwa an ba su teburi guda, kujera na kallon kujera, a tsakiyar jama'a. Yara ana ba su nasu abincin da wuri, amma Inna ta ce sam, sai dai in zo in zauna a tsakaninsu. Haka na riƙa cin abinci sau biyu, ban kuma yi ƙorafi ba. Ranar farko ta karkatar da kujerarta, ta ja mayafi, ta tsura wa bango ido. Boyi ya kawo miya ya ɗauke, ya kawo kifi ya ɗauke, ba ta taɓa ba. Baba yana ta fama da wuƙa da cokali mai yatsu kamar bai gani ba. Da muka koma ɗaki ta shige bayan labulenta, na ji tana tauna kilishi a hankali.

Rana ta uku yunwa ta yi aikinta. Baba dama ya yanke cewa kifi da ƙwai da dankali da shinkafa za mu ci, don ya gaji da tambayar naman mene ne a kowane faranti. Inna ta fito da gwangwanin yajinta daga cikin mayafi, ta barbaɗa a kan kifin, ta ci loma uku tana kallon gefe. Wata Bayarabiya da ke teburin kusa, mai zuwa karatun ungozoma, ta shaƙi ƙamshin ta juyo ta ce da Hausa tsantsa, "Baiwar Allah, don girman Allah ki sam mini." Ashe a Sabon Garin Kano ta tashi. Daga ranar gwangwanin nan ya shiga yawo teburi-teburi, har wani Bature ya gwada, ya yi ta atishawa yana share hawaye yana cewa a ƙara masa. Inna ta yi dariya a gaban Baba. Wannan ma sabon abu ne a wurina.

Baba shi damuwarsa alƙibla. Mu a gida gabas da alƙibla abu ɗaya ne, ka ce mutum ya fuskanci gabas, an gane. A kan ruwa ba bango, ba masallaci, ba wanda za ka bi sahunsa. Kuma a karatunsa na fiƙihu, mai salla a jirgin ruwa alƙibla zai fuskanta, in jirgin ya juya ya juya da shi. Sai ya samu wani matashin jami'in jirgi, kullum da safe ya je ya tambaye shi inda aka dosa, ya dawo ya zana a bayan ambulan. Da muka bar Legas muna bin gaɓa zuwa yamma, alƙibla tana bayanmu, sai ya shimfiɗa buzunsa yana kallon farin kumfar da jirgi ke bari. Bayan Saliyo da aka miƙe arewa, ta koma hannun dama. Yana ƙasaru, raka'a bibbiyu a azahar da la'asar da lisha. Agogo ma an mayar da shi baya da awa ɗaya kafin Gana, amma shi inuwar sandar tuta yake dubawa, ya ce rana ba ta san agogon kyaftin ba.

Kwanakin da kansu suna da tsari kamar na makarantar kwana. Da sassafe ma'aikata suna wanke katakon dandalin sama da tiyo da burushi, ƙafafunsu ba takalmi. Da yawansu mutanen Kru ne, daga gaɓar Laberiya da Saliyo, waɗanda kakanni da kakanni aikin jirgi suka gada. Kafin katakon ya bushe Baba ya fito da allona. Ya ce tafiya Ingila ba ta ɗauke wa kowa karatu ba. Ina Sabbi a lokacin, ina zaune a lungun wani kwale-kwalen ceto ina rerawa, 'ya'yan Turawa suna leƙe. Ranar da na haddace aka zo wanke allo, sai ga tambaya: ina za a zuba ruwan? A gida sha ake yi, ko a zuba inda ƙafa ba ta takawa. Baba ya ba ni na kurɓa, sauran ya miƙa hannu ya tuttular a teku, ya ce ai Manzon Allah ya faɗa, ruwanta mai tsarki ne, mushenta halal ne. Ina kallon baƙin tawadar nan ya ɓace kafin ya kai ƙasa, iska ta kwashe.

Bayan karatu sai wasa. Akwai ɗakin wasan yara, akwai wurin ninƙaya, wanda Inna ta ce in ta gan ni a bakinsa sai ta karya ni. Manya suna jifan wani turke da zoben igiya, ko su tura faifan katako da doguwar sanda zuwa kan lambobin da aka zana a ƙasa. Da tsakar rana ana sanar da nisan da jirgi ya ci tun jiya, mutane su sa kuɗi su yi canke. Baba ya ce caca ce ko da an sa mata kwat, amma kullum sai ya je ya karanta lambar ya rubuta a ambulan ɗinsa. An kuma yi mana gwajin ceto: aka busa jiniya, kowa ya ɗaura rigar ceto ya je ya tsaya a gefen kwale-kwalensa. Inna ta ɗaura tata a kan mayafi, ta tsaya ƙerere tana salati, don ba wanda ya gaya mata gwaji ne.

Wanki kuma ba ta yarda ta ba kowa ba. A ɗan kwanon wanke hannun nan take cuɗa kayanmu, ta shanya a igiyar da ta ɗaura daga gado zuwa ƙofa. Goron Baba ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, kullum tana yayyafa masa ruwa kamar jariri.

A Takoradi, a ƙasar Gana, muka fara tsayawa. Ina jingine da ƙarfen gefen jirgi sai na ji wani a ƙasa yana cewa, "Kai, ɗaga nan!" Na ruga na gaya wa Baba mun dawo gida. Ya yi dariya ya ce mutanen zango ne, fataucin goro ya kawo kakanninsu Gwanja, wasu ba su koma ba. Ya sauka, ya dawo da sabon goro ja jawur.

Freetown, babban birnin Saliyo, ita ce ta tsaya mini a rai. Da asuba muka shiga, duwatsu kore shar sun taso daga cikin ruwa, gajimare ya yi musu rawani. Baba ya nuna mini guda ya ce sunansa jirginmu ya ci, Dutsen Aureol, kuma a kansa kwalejin Fourah Bay take, wadda aka kafa tun 1827. Samari suka kewaye jirgin a ƙananan kwale-kwale, Turawa suna jefa kuɗi, su kuma su yi nutso su cafko kafin ya nitse, su taso da shi a baki. Ina da kwabo guda mai huji da kakata ta ba ni a tashar Kano. Na jefa. Wani yaro da bai fi ni ba ya bi shi, ya daɗe, har cikina ya ɗuri ruwa, sannan ya ɓullo yana ɗaga mini shi. Inna ta murɗe mini kunne, ta ce da ya mutu a kan kwabona fa? Mun ɗan shiga gari mun ga babbar rimin nan ta tsakiyar birni. Da na ji a rediyo a 2023 cewa hadari ya kayar da ita, sai da na ajiye abin da nake yi.

Daga nan sai ruwa zalla, kwana da kwanaki. Kifaye masu fiffike suna tashi a gaban jirgi kamar fara. Iska ta fara sanyi. A Las Palmas, birnin da ke wani tsibirin Sifaniya, jirgi ya sha mai, 'yan kasuwa suka baje 'yan tsana da mayafan teburi, Baba ya saya mana suwaita, ya saya wa Inna wani shal mai kauri. Bai miƙa mata ba, a kan gadonta ya ajiye. Ita ma ba ta ce komai ba, sai dai washegari da shi ta fito. Da dare yana nuna mini tauraron arewa, wai in lura kullum ƙara hawa sama yake, alƙibla kuma ta fara karkata kudu. Na ce to gabas ta tashi daga gabas ke nan? Ya ce in je in kwanta.

Sai Biscay. Tun a Legas ake ba mu labarin wannan yanki na teku da ke tsakanin Sifaniya da Faransa. Da yamma aka ɗaga katakan gefen tebura don kada faranti ya zame, aka ɗaura igiyoyi a hanyoyi. Cikin dare jirgin ya fara hawa yana faɗowa, buta ta gangara daga wannan bango zuwa wancan, tagar nan ta koma kore, ta koma baƙa. Jiri da amai suka kwantar da Inna da Auta. A nan na ga abin da ko a mafarki ban zata ba: Baba, wanda ko ɗaukar yaro ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba, ya naɗe hannun riga, yana riƙe wa Inna kwano, yana goge wa Auta baki, har ya goya shi da zanen labulen nan, ɗaurin ya karkace. Sallar asuba a zaune ya yi ta.

Ni ko gezau. Da hantsi na ji Inna tana cewa da za ta sami lemun tsami da ta ji dama. Ban gaya wa kowa ba na zare jiki na fita, wai zan je wurin kuku. Hanyoyin cikin jirgi duk kamarsu ɗaya, ga shi ƙasa tana gudu daga ƙarƙashin ƙafata. Na sauka wani bene, na hau wani, na tsinci kaina a inda ƙarar inji ke toshe kunne. Na zauna a gindin matakala na fara kuka. Wani dattijon boyi ya same ni. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, yana jin Hausar bariki. Ya ce, "Yarinya, ina baba naka?" Ya kai ni kicin tukuna ya damƙa mini lemun tsami biyu, sannan ya kamo hannuna muka nufi ɗaki.

Tun kafin mu sha kwana na ji muryar. Ku da kuka taso yanzu sai na yi muku bayani. Ni 'yar fari ce, kuma Inna ba ta taɓa faɗar sunana ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan", in an matsa mata ta ce "waccan". Ko wata mai irin sunana ta shigo gidanmu, sai ta laƙaba mata wani. To ga ta a tsakiyar hanya, matar da tun jiya ba ta iya ɗaga kai, ba mayafi, ba ɗankwali, kitsonta a waje, tana dafe da igiya, Turawa suna raɓawa ta gefenta, tana ƙwala kiran sunana. Sunan yanka, cikakke. Sau uku na ji da kunnena.

Da ta gan ni sai ta yi shiru. Ta dubi lemun da ke hannuna, ta dubi dattijon, ta shafa kanta ta ji ba komai, ta juya da sauri ta shige ɗaki. Da na shiga ta riga ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ta ce, "Malam, ka ce wa yarinyar nan ta yanka lemun."

Har ta rasu, in na tayar da zancen sai ta ce ƙarar ruwa ce na ji.

Kwana biyu bayan haka ruwan ya koma ruwan toka, aka ce mun shigo kogin Mersey. Baba ya ɗaga ni na hango wani dogon gini da tsuntsaye biyu na ƙarfe a kansa, hazo ya rufe rabinsa. Inna ta leƙa ta ce, "Wannan ce Libaful ɗin? To ina ranarsu?" Yadda muka kwashe da jami'in kwastan a kan ƙullin daddawarta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.