Kawu ya zo neman rance

Laraba. Safiyar ta yi daɗi. Wuta ta kwana, Maman Hafsa ta gama gugar da ta taru mata, Auta kuma ya bugo waya yana ihu wai ya haye jarrabawar da ta hana shi barci. Da murna na biya Tudun Wada na sayo ƙosai har da na maƙwabta.

Wajen azahar sai ga Kawu daga gida, da masara a bayan mashin, rabin abin da ya saba kawo mana. Ya yi salla, ya ci abinci, ya ja ni zaure. "Ɗana, rance na zo nema." Na ɗauka taki ne ko maganin Inna. Ya rage murya ya ce bindiga zai saya, mai baki biyu, akwai wanda ya yi masa hanya.

Na ce ina ta tokar da ya gada wurin Kaka? An karɓe ta tun kafin babbar salla. Yana dawowa daga gona da ita a rataye aka tsayar da shi a shinge, aka ce ina takarda, aka ɗauke, sai da ya zazzage aljihu kafin a sake shi. "Waɗanda suka kore mana shanu a kan babura suka zo, goyon uku-uku, kowa da AK a kafaɗa. Wa ya tambaye su takarda?" A daren harin sun buga wa jami'an tsaro waya, aka ce babu mai a mota. Sai da hantsi ya dubi ludayi aka zo aka rubuta sunayen waɗanda aka tafi da su.

Na ce masa ba zan bayar ba, Kawu, ka yi haƙuri. Na yi masa bayani iya sanina. Dokar makamai da muke kai tun ta 1959 ce, kuma irin bindigar da yake so sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ba shi da shi, ba kuma ta hannun dillali ake samunsa ba. Ranar da aka kama shi da ita gidan yari ne, kuma da sunan ɗan bindiga za a nuna shi. Shi mai sayarwar ma wa ya san ko shi ke kai wa na daji? Abin da ya fi tsaya mini a rai ban iya faɗa masa kai tsaye ba. Bindiga in ta shiga gida ba ranar hari kaɗai take aiki ba. Akwai samari uku a gidan Kawu, ɗaya kowa ya san zuciyarsa, ga rigimar kan iyakar gona da ba ta mutu ba. Mun ga yadda 'yan sa-kai suka fara a Zamfara da niyyar kare kai, aka koma kisan Fulani a kasuwanni, ramuwar gayya ta biyo baya, har yau ba a fita ba.

Kawu ya saurare ni har na gama. Mai rediyo ne, bai manta komai ba. Ya tuna mini Masari, gwamnan Katsina na lokacin, ya ce wa Katsinawa su nemi makami su kare kansu a 2021, gwamnatin Matawalle ta ce za ta raba fom ɗin neman lasisi a masarautun Zamfara a 2022, Janar Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. "To mu maganar wa za mu bi? Kai kana Zariya, ga Depot na horar da sojoji, ga barikin Basawa, shi ya sa kake da bakin magana."

Na ce ai mu ma ba mu tsira ba. A watan Yunin 2021 aka shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli da dare, aka kashe ɗalibi, aka tafi da malamai da ɗalibai, ga gidajen da aka shiga a Ƙofar Gayan. Barikin bai hana ba. Ya dube ni ya ce, "To ka ga, da bakinka ka ba ni amsa."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni har yanzu. Ban sauya ra'ayi ba, ba na son ƙasar da kowane ɗaki ke da bindiga, musamman in na tuna yaran sara-suka da abin da suke yi da wuƙa kaɗai a kan wayar dubu talatin. Amma gwamnatin da ta hana mutum makami ta ɗauki alkawarin zuwa in ya kira. 'Yan sandan ba su kai 400,000 ba a kan mutum fiye da miliyan 200, wasunsu kuma suna ƙofar gidajen manya. Gwamna Uba Sani ya ɗauki 'yan sintiri 7,000 a 2023, ban raina ba. Sai dai a zahiri dokar tana cin wanda ya tsaya a shinge ne, dattijon da ke girmama kaki. Wanda ya bi ta daji ba ta ganinsa.

Na ba shi kuɗin taki buhu ɗaya da babbar tocila. Ya sa a aljihu bai ƙirga ba. Bai jira la'asar ba, don hanyar Giwa ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta.

Da magariba masu tara kuɗin sintirin layinmu suka zo, an ƙara. Na biya. Wuta ta tafi. Hafsa na tari, an ba ta zuma.

Yaya ya kira bayan isha'i, ashe Kawu ya fara zuwa wurinsa, shi ma ya hana. Mun yanke Asabar mu je gida tare mu ga dagaci, ko za a samu a karɓo ta tokar a yi mata takarda yadda ya kamata, a kuma sa sunan samarin gidan cikin 'yan bangan da hukuma ta sani.