Gwajin HIV ga jarirai: inda aikin ke lalacewa

Ƙannena da kuka fara aiki a asibitocin Gadarif, Kasala da Maiwurno a Sudan, ga wuraren da mu na gaba muka sha tuntuɓe.

Gwajin nan-take bai isa ya faɗi halin jariri ba. Garkuwar da jaririn ya samo daga uwa mai HIV tun yana ciki gwajin yake gani, kuma tana iya zama a jininsa har wata 18. In kuka dogara da shi, sai ku tayar wa mai jego hankali a banza ke nan. PCR ake yi, mai neman ƙwayar cutar kanta, a mako 4 zuwa 6, wato dab da arba'in. A lokacin ne kuma ake fara ba shi Septrin, maganin kare shi daga wasu cututtuka.

A wajen ɗaukar jini ake yawan ɓata aiki. A ɗumama diddigen, a soki gefensa, ba tsakiya ba. A share ɗigon farko. Kada a matse ƙafar, kada a ɗora ɗigo kan ɗigo, a bar kowace da'ira ta katin da ake ɗiga jinin a kai ta cika da kanta. Sai a shanya katin a kwance cikin inuwa, aƙalla awa 3, nesa da ƙura. Mai gaggawa ya kai shi rana, ko ya cusa shi leda da danshi, ɗakin gwaji ya ƙi karɓa, makonni sun tafi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 iyalai ba sa zama wuri ɗaya, don haka ku karɓi lambar waya biyu. Amma sakamako, uwa kaɗai ake gaya wa, ita ma ido da ido.

In gwajin ya nuna akwai cutar, a ɗauki jini na biyu don tabbatarwa, a fara magani ba tare da jiransa ba. Kada ƙibar yaro ta ruɗe ku: in babu magani, kusan rabin irin waɗannan yara ba sa kai shekara 2, mutuwar kuma ta fi yawa a wata na 2 zuwa na 3. Daga mako 4, in ya kai kilo 3, ana ba da abacavir da lamivudine tare da dolutegravir mai narkewa a ruwa. Da nauyin yaro ake auna maganin, saboda haka duk zuwa sai an ɗora shi a sikeli. Yaro ya ƙaru magani bai ƙaru ba, cutar ta samu hanyar bijirewa.

In bai nuna ba, kada ku sallame su, tunda yana shan nono. A sake PCR a wata 9. Gwajin ƙarshe sai wata 18, ko wata 3 bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya.