Fatsa a Alaska lokacin kaka: darussan da aikin ke koyarwa

A yankin Bristol Bay da ke kudu maso yammacin Alaska, masaukan masu fatsa da yawa ba su da hanyar mota. Daga garin King Salmon ake shiga ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa, kuma idan hazo ya rufe, sai a zauna jira. Shi ya sa ake riƙo maganin sha da kayan sawa fiye da na kwanakin da aka tsara.

Babban abin da aikin ke koyarwa shi ne, a kaka komai kifin salmon yake bi. Jan salmon yana hawowa daga teku a Yuni da Yuli, ya zuba ƙwai wajen Agusta zuwa Satumba, sannan ya mutu. Kifin tirawut, wanda shi ake nema, yana laɓewa ƙasa da masu zuba ƙwan, yana cafke duk wanda ruwa ya kwaso. A wannan lokaci ƙwaron bogi na gashin tsuntsu bai cika burge shi ba. Ɗan ƙwallon roba ake sawa, mai kamar ƙwai, milimita 6 zuwa 8. Launi kuwa a nan ake faɗuwa. Sabon ƙwai ruwan lemo ne mai haske, wanda ya daɗe a ruwa ya koɗe. Wanda ya nace wa mai haske a ƙarshen Satumba zai wuni yana jifa a banza. Idan gawar salmon ta fara ruɓewa, sai a koma ga ƙugiyar da aka naɗe da gashin zomo fari-fari, mai kama da tsokar da ta saɓule.

Ana kafe ƙwallon bai wuce inci 2 sama da ƙugiya ba. Haka dokar jihar ta ce, kuma tana da hujja, domin in ya yi nisa ƙugiyar kan soki kifin a ido ko a ciki. A matse ƙayar ƙugiyar da filaya don sakin kifi ya yi sauƙi. A ƙara 'yar dalma har ƙwallon ya riƙa taɓa ƙasa, ya tafi daidai da gudun ruwa. Da zare ya ja shi ko kaɗan, tirawut ya gane. A jiƙa hannu kafin a taɓa kifi, kuma kada a daɗe da shi a waje.

Beyar ma salmon ɗin ne ya kawo ta, tana cin ƙiba kafin barcin hunturu. A gandun dajin Katmai da ke wannan yanki, an hana kusantarta ƙasa da yadi 50. Fantsamar kifin da ya kamu tana janyo ta, don haka da ta nufo, a sassauta zare ko a tsinke shi, a ja da baya sannu, ban da gudu. Wannan ya fi komai wuya ga baƙo mai babban kifi a hannu, amma beyar da ta saba samun kifi wurin mutum ta zama haɗari ga duk mai zuwa bayansa.

Sanyi ma yana kisa. Kayan auduga in sun jiƙe ba sa riƙe ɗumi, ulu ake sawa. A ɗaure bel a kan dogon wandon shiga ruwa, don kada ya cika idan an zame. Takalmi mai tafin matsattsen ulu (felt) kuwa, Alaska ta hana shiga kogunanta da shi tun 2012, saboda yana ɗauko cututtuka da baƙin halittu daga wani kogi zuwa wani.