Godiya bayan dawowar Baba gida

Assalamu alaikum ƴan'uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, Baba ya dawo gida. Yana cin abinci da hannunsa, yana sallah a zaune, magana ma ta dawo sai ɗan nauyin harshe idan ya gaji. Ni kuwa gajiyar da nake dannewa tun watan Yuni yanzu ta taso mini gaba ɗaya, don haka duk wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini afuwa. Ba sai na maimaita faɗuwarsa a banɗaki da aikin ƙugun da aka yi masa ba, tare da ku aka yi komai. Bashin godiya ne ya hana ni sukuni, musamman ga wasu bayin Allah da yawancinku ba ku taɓa gani ba.

Kun dai ji maganganun da aka yi, wai na zubar da Baba, ranar da likitoci suka ce daga asibiti sai gidan tsofaffi don gashin ƙashi. Gidanmu a Bronx hawa na huɗu ne, babu lif, mutumin da ba ya iya taka ƙafa ta yaya zan hau da shi? Duk da haka da kuka na sa hannu a takardar. Baba ya yi sama da shekara 20 yana tuƙa tasi a New York yana biyan haraji, shi ya sa Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, ta ɗauke shi. Ga waɗanda ba su sani ba, idan mutum ya yi kwana 3 a kwance a asibiti, sukan biya irin wannan jinyar har kwana 100, amma kwana 20 na farko ne kaɗai ba ka biyan komai. Daga nan sama da dala 200 ce kullum daga aljihunka. Wannan ramin abokan Baba na tasi ne suka cike shi. Alhaji, wanda suka yi shekaru suna karɓa-karɓar mota ɗaya, shi dare Baba rana, ya hana ni faɗin sunansa. To ban faɗa ba, Alhaji, amma duk wanda ke sallar Juma'a a masallacinmu ya san wa nake nufi. Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya raba ka da sharrin ƙarfe.

Gidan da aka kai shi, can gaba da Yonkers, ɓangare biyu ne. Akwai na masu jinya, akwai kuma na tsofaffin da ke zaman kansu a ƙananan ɗakuna, suna haɗuwa wajen cin abinci da tsakar gida. Da farko Baba ƙin fitowa ya yi. Ya juya fuska ga bango, casbi a hannu, ko labule ba ya yarda a ɗaga. Wanda ya fito da shi wani dattijo ne baƙar fata, haifaffen South Carolina, tsohon direban bas. A bayan ginin suna da lambu, an yi shi cikin akwatunan katako masu tsayi yadda wanda ke kan keken guragu zai miƙa hannu ya taɓa ƙasa ba sai ya sunkuya ba. Kowa da akwatinsa. Yawanci tumatir ne da tattasai da furanni, shi kuwa dattijon nan kuɓewa ya shuka. Wata safiya ya shigo ɗakin Baba da guda uku a tafin hannu ya ajiye masa a kan tebur, bai ce komai ba. Washegari Baba ya ce a tura shi ya ga inda ta fito. Tun daga ranar ya raɗa masa suna Mai Kuɓewa, suka kama musun da har yau ba a raba ba: shi ya ce a turbuɗa ta a garin masara a soya, Baba ya ce wannan ɓarna ce, kuɓewa ta miya ce.

Watan Agusta a gidan nan yana da nasa tsarin, kuma sai da na zauna da su na gane shi. Saboda zafi, komai da safe ake yi. Motsa jiki a kan kujera, ban ruwa a lambu, sai a koma inuwa kafin rana ta take. Ma'aikata na yawo da tulun ruwan sanyi suna bin kowa da kofi, domin tsoho ba ya jin ƙishi da wuri ko da jikinsa ya bushe, balle masu shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Bayan azahar a yi bingo. Baba ya ce shi ba ya caca ko da biskit ne ladan, suka girmama shi, ba wanda ya sake tayi, sai dai ya zauna gefe yana kallo. Da yamma a fito ƙarƙashin rumfa, wani ya zo da jita ya yi musu waƙoƙin zamaninsu, ka ga tsohuwar da ba ta tuna abin da ta ci da rana ba tana bin waƙa baiti-baiti. Magariba da muke yi wajen takwas da rabi a watan Yuni ta dawo wajen bakwai da rabi, gyare ya cika bishiyoyi da kuka. Akwai kuma wani abu da ba a rubuta a allon sanarwa ba. Hutun makaranta ya kusa ƙarewa, jikokin da ke zuwa musu za su ɗauke ƙafa, kuma kowannensu ya sani. Za ka ji suna lissafi a tsakaninsu: wance jikarta ta zo sau biyu, wane tun Yuli ba a leƙo shi ba. Shi ya sa suke ɗaukar gashin masarar ƙarshen bazara da muhimmanci, wanda ake yi ranar Asabar kafin hutun ma'aikata na Litinin ta farkon Satumba. Tun saura mako biyu ake maganar wa zai sa wace riga.

A wajen gashin masarar nan ne abin ya faru, kuma nan nake so in tsaya.

Ba na wurin. Ina Fordham Road ina saya wa yara jakunkunan makaranta, da niyyar in iso da la'asar. Baba na zaune a teburinsu, an ware masa nasa kifin daban da naman sauran kamar yadda mai dafa abincin ya saba yi masa. Masarar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa. Ya buɗe baki yana magana. Mutane da yawa sun ji shi, har da ma'aikata biyu, amma kowa ya ɗauka yarensa yake yi, tunda dama idan ya ji daɗi ko ya ji haushi Hausa ce ke fitowa. Aka ɗauko masa wata masarar.

Mutum ɗaya ce ta ajiye cokalinta. Wata tsohuwa ce ƴar asalin Jamaika, ta haura shekara 80, tsohuwar nas, Baba yana ce mata Sista. Ba ta jin Hausa ko kalma goma. Amma duk tsawon bazarar nan kujerarta na kusa da tasa. Kullum yana gaishe ta, "Sista, ina kwana, ina gajiya," tana maimaitawa yana gyara mata. Tana zaune yake jan casbi, tana zaune yake yi wa jikokinsa faɗa a waya. Kunnenta ya san yadda Hausar Baba take fita. Daga baya ta ce mini ba ta san me yake cewa ba, amma ta san ba haka yake cewa ba. Ta matso ta ce ya yi mata murmushi, ta ga gefen bakinsa ɗaya bai tashi ba. Ta ce ya ɗaga hannu biyu, na dama ya zame. Sai ta ɗaga murya, muryar da aka ce ba a taɓa ji daga gare ta ba, ta ce a kira 911, lambar neman agajin gaggawa, yanzu, ba nas ɗin gida kaɗai ba. Sannan ta duba agogonta, ta kife farantin takardar da ke gabanta, ta rubuta lokacin da biro. Yatsunta a lanƙwashe suke saboda ciwon gaɓɓai, rubutun duk ya karkace: 2:40. Ta cusa farantin a cinyar Baba, ta ce wa masu motar asibiti kada su rabu da shi.

Lokacin da na isa asibiti, takalmi ɗaya ma a mota na bar shi, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe. Na tsaya ina kallonsa, ba ni da amsa. A nan ne tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin ya riga ya bayyana mini cewa allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa tana da iyaka, awa huɗu da rabi daga farawar ciwon, kuma sanin lokacin ne zai yanke ko a yi ta yanzu ko a'a. Ina ta salati a zuci. Sai wata nas ta ɗago farantin nan daga cikin kayan Baba, da maiƙon masara a jikinsa. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa, aka ga ba zubar jini ba ce, aka yi allurar. Kafin asuba ya matsa hannuna da hannun daman nan.

Allah ne ya raya shi, ba ni da shakka, kwanansa ne ke gaba. Amma Allah kan yi da sanadi, kuma sanadin da ya zaɓa tsohuwa ce wadda ba danginmu ba, ba addininmu ɗaya ba, wadda abin da ta yi kawai shi ne zama kusa da shi kullum har kunnenta ya saba da muryarsa. Sista, na san jikarki za ta fassara miki wannan. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ciwon hannuwan nan, ya ba ki mai kula da ke kamar yadda kika kula da mahaifina, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Mai Kuɓewa, da ya ci gaba da ba akwatin Baba ruwa har ya aiko mana da tumatir ɗinsa asibiti a cikin leda, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ƙanwata ƴar Gambiya mai aikin dare a gidan tsofaffin, wadda ta duba alƙibla a wayarta ta manna tef a ƙasa ta nuna masa arewa maso gabas, ta samo masa dutsen taimama, take tashinsa asuba ba wanda ya sa ta, Allah ya ba ki miji nagari da zuriya mai albarka, ya kai ki ɗakinsa mai alfarma. Maman Ƴan Biyu, kin ce in na ambace ki za mu ɓata, to sai dai mu ɓata. Tuwon shinkafa da miyar kuka a kula duk Lahadi, jirgin ƙasa biyu da bas, ke da ciwon gwiwarki. Allah ya raya miki tagwayenki, ya sa su yi miki fiye da haka. Malam liman da matasan masallaci da suka riƙa zuwa suna karanta masa Alƙur'ani, ƴan ajin Islamiyyar mata da suka riƙe mini yara, maigidana da ya koma aikin dare don in samu rana, da duk wanda ya yi mana addu'a daga Kano, Zariya, Damagaram da Kumasi, Allah ya biya ku da Aljanna Firdausi. Ya jiƙan iyayenku da suka riga mu, ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya sa ciwon Baba ya zama kaffara, ya hana mu wulaƙanta a tsufanmu, ya sa mu cika da imani. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Su Kawu da su Goggo da ke gida, na san nesa ce, kuma na san zafin da kuka ji da kuka ce na kai Baba inda Turawa ke zubar da iyayensu ƙauna ce ta kawo shi. Ban riƙe ku ba. Waɗanda ke Maryland da New Jersey kuwa, tafiyar awa huɗu wasu ma awa ɗaya, da saƙon murya ya fi ƙafarsu saurin isowa, Baba ya tambaye ni ku fiye da sau ɗaya, na ce masa aiki ne ya riƙe ku. Zumunci dai a ƙafa yake. Ƙofa a buɗe take har yanzu.

Ranar Lahadin da ke bin hutun ma'aikata ita ce ranar kakanni a Amurka, kuma gidan kan yi ɗan taro. Baba na asibiti a lokacin, amma na kwashi yarana muka je da ƙosai da kunun gyaɗa. Teburori da dama babu baƙo ko ɗaya. Yaran suka rarrabu, autana ya zauna wajen Mai Kuɓewa yana koya masa kirga ɗaya zuwa goma da Hausa. Na yi niyyar mu riƙa komawa, kuma duk mai sha'awar binmu ya yi mini magana, mota na da wuri.

Don Allah ku riƙe alamomin nan na shanyewar ɓarin jiki, ku koya wa yaranku: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe. In kun ga ko ɗaya, ku duba agogo, ku kira motar asibiti. Kada a tsaya shafa man zafi, kada a ba shi ruwa ko rubutu ya sha, domin zai iya shaƙewa. A yi addu'ar a hanya.

Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe mai gashin ƙashi na zuwa. A zo mutum biyu-biyu, hayaniya na gajiyar da shi. Likita ya hana gishiri da yawa, saboda haka masu kilishi da yaji a yi haƙuri tukuna. Muna kuma neman matasa biyu masu ƙarfi da za su riƙa sauko da shi daga bene ranar Juma'a, ya ƙagu ya ga sahu. Wanda zai iya ya sanar da Malam liman, shi ke tsara jerin.

Wassalamu alaikum.