Talata a Harobanda: LocalSend a shagon fotokopi

Aikin yau na wani shagon buga takardu ne kusa da Jami'ar Abdou Moumouni, a Harobanda ta birnin Yamai. Ɗalibai na kawo aikinsu a kle USB, kuma ta nan ƙwayar cuta ke shiga kwamfutar, ta ɓoye fayiloli. Masu turowa ta WhatsApp kuwa sai an ƙona mega, hoto ma ya iso a matse, rubutun ya dushe a takarda.

Na sa wa masu shagon LocalSend, manhajar tura fayil daga wata na'ura zuwa wata. Tien Do Nam ne ya fara ta, kyauta ce, lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa, babu talla, babu buɗe asusu. Tana aiki a Android, iPhone, Windows, Mac da Linux, ana samunta a Play Store da F-Droid. Ba ta buƙatar intanet sam. Sharaɗinta ɗaya: salula da kwamfuta su hau Wi-Fi guda. Shagon ba shi da rawuta, wato akwatin da ke ba da Wi-Fi, don haka muka kunna raba rezo a wata tsohuwar salula, mega a kashe, kwamfutar ta hau.

Nan aka tsaya, salula ba ta ganin kwamfuta. Mai shagon ya ce, "Malam, ko dai abin ba na nan ƙasar ba ne?" Na ce, "Alhaji, Windows ce ta rufe ƙofa." Idan ta ɗauki sabon Wi-Fi a matsayin na jama'a, garkuwarta, wato firewall, takan tare duk abin da ke shigowa. Ana mayar da shi na gida a saitin rezo, a bar wa manhajar ƙofa mai lamba 53317, a hanyoyin aika bayanai biyu, TCP da UDP, duka. Ana yin haka sunan kwamfutar ya fito. Salular wani ɗalibi ta ƙi, ashe VPN ce a kunne. A Wi-Fi na otal ko ofis kuma, wani lokaci rawutar ce ke hana na'urori ganin juna, wannan sai mai rawutar.

Abu biyu na gyara. Manhajar na laƙaba wa kowace na'ura sunan 'ya'yan itace da ka, na canza na kwamfutar zuwa sunan shagon don kada a tura wa maƙwabci. Na kuma bar karɓa kai tsaye a kashe. Gara yaron shago ya ga sunan fayil kafin ya amince, tunda manhajar ba ta tace cuta. PDF ko Word kawai, duk abin da ya ƙare da .exe a ƙi shi.

Wanda bai da manhajar ba sai ya sauke ba idan shi za a bai wa fayil: akwai rabawa ta adireshi, ya buɗe a burauza.

Matsalar da ta rage: salular raba rezon na zafi da rana, batir na zuba. Na ce Alhaji ya nemi ƙaramar rawuta ko ta hannu ce, ba sai da intanet ba, a haɗa ta da batirin da ke riƙe kwamfutar in wuta ta ɗauke.